Sun Ƙone Taswirorin Kawu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Kawu ya riga mu tafiya. Wannan ban yi jayayya da shi ba. Ya tsufa, jinyarsa ba ta yi tsawo ba, ya cika da kalmar shahada a bakinsa, ƙanwarsa, wato Innarmu, tana riƙe da hannunsa. Mutuwa ba ta yi mini laifi ba. Da masu rai nake.

Ina zaune cikin mata a tsakar gidansa, ana ta shigowa gaisuwa, ana "ya haƙuri", muna "da godiya". Wata dattijuwa maƙwabciyarsu ta zauna gefen matar Kawu, ta ja carbinta, ta yi ajiyar zuciya, ta ce, "Allah ya jiƙan Malam. Mutumin kirki ne wallahi, ba don abin nan ba."

Ba ta faɗi sunan abin ba, kuma babu wadda ta tambaye ta.

Wata ta ce, "Ai tsufa ne, Hajiya. In mutum ya tsufa yaro yake komawa."

"Wane irin tsufa? Tun da ƙarfinsa yake yi," in ji wata daga bakin rijiya. Ta rage murya, amma ba yadda ba zan ji ba. "Ni dai tun ranar da na ga layukan nan ban ƙara barin jikana ya shiga soron ba. Allah dai ya sa bai bar wa gidan wani abu ba."

Matar Kawu ta sunkuyar da kai. Mai takaba ba ta faɗa. Ni kuwa na yunƙura zan yi magana, Innarmu ta danne mini gwiwa da hannu. "Gidan mutuwa ne," ta ce a hankali. Na haɗiye maganar.

A wajen maza ma ba a fasa ba. Mijina ya gaya mini wani Alhaji, dillalin shanu, ya miƙe a tsakiyar tabarmi ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, a dage masa da addu'a, don mai irin wannan aiki yana bukatarta fiye da kowa." Aka shafa, aka ce amin. Na san Alhajin nan, kuma zan zo kansa.

Na yi shiru a gidan mutuwa saboda Innarmu. Yanzu an watse, an naɗe tabarmi, an mayar wa masu haya kujerunsu. Zan faɗi "abin nan" da sunansa.

Kawu safiyo ne. Da ƙuruciyarsa ya yi aiki da wani kamfanin haƙar ma'adinai a ƙasar Jos, shi ke auna ramuka yana zana su a takarda don masu shiga su san ta inda za su fito. A can ya ga wasu Turawa abokan aikinsa suna wani wasa a kan tebur in an tashi daga aiki. Mutum ɗaya zai zana wani wuri na ƙarƙashin ƙasa, kogo ko tsohon gari da ƙasa ta binne, ya ɓoye taswirar. Sauran kowa ya zaɓi wanda zai zama a cikin labarin: wannan maharbi, wancan maƙeri, wancan mai magani. Sai su shiga kogon da baki. Mai taswira ya gaya musu abin da suke gani, su kuma su faɗi abin da za su yi. In aka yi shakka, ko kibiya ta samu ko ta kuskure, sai a jefa ɗan lido ya raba gardama. Ba a sa ko sisi, kuma babu wanda ke cinye wani. Ko dai ku fito tare, ko kogon ya cinye ku tare.

Iyakar "abin nan" ke nan.

Kawu ya so wasan, amma ya raina zanen abokansa. Yakan ba mu labari yana kwaikwayon maganar hancin ɗaya daga cikinsu. "Ɗaki, dodo, zinariya. Ka tura wata ƙofa, ɗaki, dodo, zinariya. Na ce masa, abokina, wannan dodon naka, kafin mu zo me yake ci? Ya ce ai wasa ne. Na ce ƙofar kamar ta akurki, shi kuma kamar raƙumi, ta ina ya shiga? Ya ce ai wasa ne. Na ce to ni ko a wasa hannuna bai iya zana ramin da ba zai tsayu ba."

Da ya yi ritaya ya dawo Daura da akwatinsa na ƙarfe, da rularsa, da wannan wasa. Soronsa na ciki ya mayar ɗakin zane. Takardar buhun siminti yake sa a tsinto masa a wajen magina, ya kakkaɓe ta, ya bi ta da dutsen guga na gawayi har ta miƙe, ya liƙa wata da wata da ƙaro, sannan ya ja layuka a tsaye da a kwance, gida-gida, don a san nisan wuri da wuri. Waɗannan layuka ne mutanen unguwa suka leƙo suka gani suka ce hatimin tsibbu ne. Bayan la'asar muke taruwa, 'ya'yansa da mu 'ya'yan ƙannensa da na maƙwabtan da ba a hana ba, maza da mata, kowa da marfin kwalbarsa a madadin mutuminsa. Kiran magariba ke tashinmu, ko da kuwa kura ta kama ƙafar wani a cikin labarin. "Kurar za ta jira," yakan ce. "Salla ba ta jira."

Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka "Uwata" yake ce mini. Hakan bai sa ya yi mini sassauci ba. Ranar da na kai masa taswirata ta farko, ina 'yar sakandare, na cika ta da ɗakuna da tarkuna, na tsaya ina jiran yabo. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Uwata, wa ya haƙa wannan?"

"Ni na zana, Kawu."

"Na san ke kika zana. A cikin labarin, wa ya haƙa?"

Na ce 'yan fashi.

"Madalla. Don me?"

"Don su ɓoye kayan sata."

"To ƙasar da suka fitar fa, ina suka kai ta? Ƙasar wannan rami ta isa ta yi tsauni. Mai ɓuya ba ya tara tsauni a ƙofar gidansa."

Ya ɗora yatsa a kan wata hanya. "Wannan tarkon kuma a hanyar da suke bi ɗiban ruwa kika sa shi. Ke za ki haƙa rami a ƙofar madafin Innarki? Ina salga? Rami cike da ƙarti, babu salga? Hayaƙin girkinsu ta ina yake fita? In ba ya fita, sun mutu tun kafin maharbinmu ya iso. In yana fita, to za a hango shi daga nesa."

Hawaye suka zubo mini. Bai rarrashe ni ba. Ya miƙo mini fensir ya ce, "Ban ce ki goge ba. Amsa nake so. Kowace tambaya kika amsa, kogon zai ƙara ɗaki da kansa." Na tafi gida ina ƙunci, na yi ta juya abin a raina, har na dawo na ce masa a bakin tsohon kududdufi suka haƙa, da damina, suna zuba ƙasar a cikin ruwa. Ya buga tebur har marafan kwalba suka yi tsalle. "Kin gani! Yanzu ruwan kududdufin ya yi ja fiye da na kowa, kuma ya cika da wuri. Mai hankali in ya zo wucewa zai tsaya ya ce, me ya sa?" Ban taɓa samun yabon da ya yi mini daɗi kamar wannan ba, har da na ranar da na gama jami'a.

Wani lokaci yakan kwashe mu a ƙafa mu bi gonakin hanyar Sandamu. In ya ga ramin gafiya sai ya tsaya ya dogara sanda ya ce, "Ku nemo mini ɗaya ƙofar." Mu bazu cikin karan dawa muna nema, kuma kullum sai mun samu. "Ko gafiya ba ta yin gida mai ƙofa ɗaya. Wanda ya zana mini kogo mai ƙofa ɗaya, gafiya ta fi shi." Ya sa mu ɗora tafin hannu a kan hujin suri mu ji ɗumin iskar da ke fita. Ya kai mu tsohon karofi da aka daina rini, ya sa mu gaya masa inda marinan suke zama da inda suke shanya, daga kallon ramukan kawai.

Akwai dokar da bai taɓa karyawa ba: tarko sai da alama. Ko ƙashin ɓera a ƙasa, ko wari, ko wurin da sawu ya kauce wa. In mutuminka ya faɗa rami ya mutu, sai ya buɗe maka wannan gefen taswirar ya nuna maka abin da ya gaya maka ba ka saurara ba. "Ba ni na kashe ka ba," yakan ce, "gaggawa ce."

Yanzu Alhajin nan mai neman a dage da addu'a. Ina soron ranar da ya zo. Ya yi sallama, ya dube mu, ya ce a ɗan ba su wuri. Kawu ya ce, "'Ya'yana ne, faɗi." Ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar iyali har ya maimaita, daga ƙarshe ya fito da ita: wani abokin sana'arsa a kara ya kwashe masa masu saye, yana so Malam ya yi masa "irin wannan" ya binne a turken mutumin. Kawu ya juya masa takardar, ya nuna da fensir. "Alhaji, wannan madafi ne. Wannan rumbu ne. Wannan salga ce. In salga kake so, in zana maka ka kai wa magina." Muka ƙunshe dariya, ba ta ƙunsu ba. Alhaji ya fita yana huci, takalminsa a hannu. Ba a jima ba labari ya zaga kasuwa cewa Kawu yana da aljanu, rowarsu kawai yake yi. Mutumin da ya zo neman a cuci ɗan'uwansa aka kore shi, shi ne ya tsaya a kan tabarmar makoki yana nema wa Kawu gafarar tsibbu. Allah ya gafarta wa Kawu, amin. Amma ba wannan laifin ba, don bai yi shi ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na cikin gida. Ƙanensu Innarmu, wanda muke kira Kawu Ƙarami, malami ne, yana da makaranta, kuma ba zan ce ba shi da karatu ba. Wata rana ya shigo soron muna tsakiyar wasa, ya ga ɗan lido a kan tebur, ya ce, "Yaya, wannan kayan 'yan caca ne, kuma malamai sun yi magana a kansa. Kana koya wa yara abin da zai kai su tasha."

"Ka ga kuɗi a nan?"

"Ba sai da kuɗi ba."

Murya ta hau murya, har matan gida suka fito. Kawu ya ce masa ya fita masa daga soro, ya fita. Muka ɗauka magana ta ƙare. Sai Kawu ya rufe soron na ɗan lokaci, ba wasa, ba zane. Ya hau mota ya tafi Baure wajen wani tsohon malami da ya amince da shi. Da ya dawo ya tara mu, ya kwashe 'ya'yan lidon nan duka, ya je ya zuba su a masai a gabanmu.

"Ƙanena ya fi ni karatu," ya ce. "Abin da ke da shakka mun bar shi."

Wani a cikinmu ya ce to yanzu wa zai raba gardama?

"Wurin zai raba. In ka ce za ka tsallake rami, zan gaya maka faɗinsa, ka gaya mini abin da ka goyo a bayanka. In ka ce za ka kunna wuta, sai mu duba ta ina iska ke shigowa. In wuri gaskiya ne, ba ya bukatar sa'a."

Daga nan zanensa ya ƙara tsauri, don yanzu duk hukunci daga taswira yake fitowa, kuskure ɗaya a cikinta zalunci ne a kan mai wasa. Dattijo mai furfura ya karɓi gyara daga ƙanensa, ya sake wasansa tun daga tushe. Kawu Ƙarami kuwa, da aka gaya masa, bai zo ya gani ba, bai ce madalla ba. Cewa ya yi, "To saura layukan." Mutane ne da in ka ba su hannu sai su ce saura kafaɗa. Kuma a garin da muke kai baƙi su leƙa tsohuwar rijiya, muna ba su labarin maciji muna ƙafafa, a nan ne tsoho ya zama abin tsoro don ya zana rijiya a takardar siminti.

Ba zan mai da Kawu waliyyi ba. Yana da kaushi, kuma kaushin nan ya fi sauka a kan babban ɗansa, taubashina, wanda muka tashi muna tsokanar juna kamar yadda ɗan namiji da 'yar mace suka gada. Ya fi mu duka iya zane. Wata rana Kawu ya ba shi tebur ya jagoranci wasa da taswirarsa. Abokinsa ya shiga wani lungu da ba mafita, kuraye na bayansa. Taubashina ya ji tausayinsa, ya faki ido ya ƙara ƙofa da fensir. Kawu ya gani. Ya fizge takardar ya yaga ta a gabanmu, ya ce, "Maƙaryaci ba ya zama a kan teburina. In ka matsar da bango yau don kana son mutum, gobe za ka matsar don kana ƙinsa." Yaron ya fita, bai ƙara taka soron ba. Ga wannan, ga kuma "ɗan mai aljanu" da ake kiransa a makaranta. Na san abin da ya sha. Kawu ya yi kuskure a ranar, kuma girman kai ya hana shi bin ɗansa ya rarrashe shi. Na faɗi wannan don kada a ce na ɓoye.

Amma masu cewa "ba don abin nan ba", ina suke lokacin da Yayana ya kwanta? Mota ta kaɗe shi a kan babur a hanyar Katsina, aka dawo da shi daga asibiti ƙafafu ba sa motsi. Saurayi mai ji da ƙarfi, mai kai dabbobi kasuwa-kasuwa. Ya juya fuska ga bango ya daina magana. 'Yan dubiya suka yi zuwansu na farko, suka ce Allah ya sawwaƙe, ƙafa ta ɗauke. Innarmu ta yi kuka har ta gaji. Kawu ne kullum bayan la'asar zai taho da sandarsa da takarda a hammata, ya zauna a bakin katifar, ya baza taswira, ya yi ta magana shi kaɗai kamar mai tunani a fili. Yaya ko juyowa ba ya yi. Kawu bai fasa ba, damina ta wuce, kaka ta shigo.

Ran nan ina shara a bakin ƙofa na ji Kawu yana cewa, "To ruwan ya taso daga wannan rijiya ta ƙasa, ya bi wannan kwata, ya hau ya zuba a tafkin da ke ɗakin sama..."

Sai na ji wata murya a dushe, wadda na kusa mantawa: "Ruwa ba ya hawa tudu, Kawu."

Tsintsiya ta faɗi daga hannuna. Kawu bai ko ɗaga kai ba. "Af, haka ne fa. Tsufa. To ya za mu yi da shi?" Yaya ya juyo da ƙyar, ya ce a miƙo masa fensir. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana auna gangaren ƙasa ba zai sa ruwa ya hau tudu da mantuwa ba. Da na raka shi ƙofar gida na ce, "Kawu, da gangan ka yi." Ya harare ni ya ce, "Uwata, koma ki ƙarasa shararki." Yau Yaya yana kan keken guragu, yana da shagon gyaran waya, yana da mata da 'ya'ya. Ku tambaye shi abin da ya tashe shi.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da safiyar da aka watse daga zaman makoki, matar Kawu ta kira ni a waya tana kuka, ta ce in zo maza. Na tari ɗan acaɓa ko mayafi ban gyara ba. Tun daga bakin layi na ga hayaƙi yana tashi a kangon bayan gida. Na tarar da Kawu Ƙarami a tsaye ya harɗe hannu a baya, taubashina kuma yana tona wuta da sanda. Akwatin ƙarfen yana gefe, a buɗe, wayam. Aikin rabin rayuwar mutum. Takardar siminti ba ta da wuyar ci.

Na ce, "Me kuka yi?"

Kawu Ƙarami ya ce, "Mun sauke masa nauyi ne, 'yata. Mutane suna magana. Gara a raba shi da abin da za a riƙa zaginsa a kai yana kabari."

"Kawu, ka taɓa zama ka ga ana wasan nan?"

"Ba sai na zauna ba."

"Ka san ya zubar da ɗan lido saboda maganarka?"

"Na ji."

"Ka san babu tsibbu a ciki?"

Ya ce, "Ni na sani. Mutane ne ba su sani ba."

Wannan amsa ta fi wutar ƙuna. Da ya ce ya yi imani tsibbu ne, da na ce jahilci ne, Allah ya shirye shi. Ashe ya sani. Maimakon ya tsaya a gaban jama'a, shi da ake jin maganarsa, ya ce yayana ba ɗan tsibbu ba ne, sai ya ƙone shaidar, ya tabbatar wa duk mai gulma cewa lallai akwai abin ɓoyewa. Kafin azahar unguwa ta ɗauka: an ƙone kayan tsibbun Malam, har wai an ji ƙara na fita daga cikin wutar.

Ban zage shi ba, kawuna ne. Na ce masa, "Allah ya isa tsakaninka da yayanka." Ban taɓa faɗa wa babba irin wannan ba, kuma ban janye ba. Na juya ga taubashina, wanda ko a ranar aurena sai da ya tsokane ni. Bai ko dube ni ba.

A cikin abin da ya ƙone har da babbar taswirarsa, wadda muke kira Birnin Ƙasa. Tun muna yara ya fara ta, muka girma, muka yi aure, muna dawowa da hutu muna ci gaba daga inda muka tsaya, har 'ya'yanmu suka karɓi marafan kwalbarmu. A naɗe take kamar tabarma, iyakar inda muka kai iyakar inda yake warwarewa. Ƙarshenta babu wanda ya taɓa gani. Mun kai wata ƙofar dutse a can ƙasa, jinya ta kama shi.

Bayan 'yan makonni muka taru a shagon Yaya, mu da muka yi wasan, wasu daga Kano, wasu daga Katsina. Yaya ya sa an samo buhunan siminti. Na ce ba za mu iya ba, wa zai tuna ɗakuna barkatai haka? Yaya ya ce, "Ba tunawa za mu yi ba. A ina rijiya take?" Na nuna. "To ruwa gangara yake yi, marina suna nan ke nan. Maƙera ba za su zauna kusa da rumbu ba, kuma suna bukatar hujin hayaƙi, sai dai nan, kusa da sama." Wata 'yar Kawu ta ce to kasuwa tana tsakaninsu, don ta tuna warin rini yana zuwa daga hagu. Haka muka yi ta yi, muna musu, muna dariya, muna share hawaye. Duk inda muka manta, dalili ya tuna mana. Birnin ya dawo lungu-lungu, don babu bangon da Kawu ya tsayar ba tare da hujja ba. Har muka iso ƙofar dutsen nan, fensir ya tsaya. Yaya ya ce kabarin sarakunansu ne, don hanyar ta yi faɗi kamar ta ɗaukar makara. Ni na ce mafita ce, don birnin ba zai rasa ta ƙasa ba. Babu mai raba mu.

Sai na tuna akwai mutum ɗaya da ya warware taswirar nan har ƙarshe, don ba ta shiga wuta a naɗe. Na haɗiye fushina na tafi gidan taubashina. Na same shi a ƙofar gida yana wanke mota. Muka gaisa kamar baƙi.

Na ce, "Ba faɗa na zo yi ba. Abu ɗaya nake so. Birnin Ƙasa, kai ka warware shi. Me ke bayan ƙofar dutse?"

Ya tsaya da soso a hannu, kumfa na ɗiga a kan takalminsa. Na ga yana nema a cikin kansa, da gaske yake nema. Shi da ya fi mu duka iya karanta zanen ubansa, kallo ɗaya ya ishe shi.

"Wallahi," ya ce, "ban duba ba."

Innarmu tana ce mini in yafe, wai zumunci ya fi takarda. Ina gaishe su, ina zuwa sunansu da bikinsu, ba zan yanke abin da Allah ya ce a sada ba. Amma yafiya ba a bakina take ba tukuna, kuma ba zan yi ƙaryarta ba. A sabuwar taswirar mun bar wurin fari, babu wanda zai zana komai a ciki.

Ya Allah, bawanka ya shafe rayuwarsa yana lura da ramuka, yana nema wa na ciki iska da haske da hanyar fita. Ga shi yau a cikin nasa, ba shi da dabara sai taka. Ka yalwata masa shi, Ka haskaka masa shi, Ka buɗe masa ƙofa zuwa Aljanna. Mu kuma da muka rage, Ka kiyaye harsunanmu daga naman matattu. Amin.